COCIN NOTRE-DAME: KUƊIN GYARA BA YA FITOWA SAI WUTA TA TASHI

Jama'a, tun da aka sake buɗe cocin Notre-Dame na birnin Faris ranar 7 ga Disamba 2024, nake jin ana yabon Faransa kan yadda ta tayar da shi cikin shekara biyar. Yabon ya dace, amma ni tarihin ginin ya nuna mini wani abu daban.

A 1163 aka fara gina shi, a wani tsibiri a tsakiyar kogin Seine, zamanin Sarki Louis na 7, ƙarƙashin Bishop Maurice de Sully. Bai kammala ba sai wajen 1345. Wato wanda ya haƙa tushe, ko jikansa bai ga ƙarshen aikin ba. Hasumiyoyinsa biyu kowace mita 69 ce.

Matsalar magina a lokacin ita ce rufin dutse yana tura bango waje, don haka sai a yi bango mai kauri da ƙananan tagogi, ciki ya yi duhu. Su sai suka tattara nauyin rufin a kan wasu haƙarƙari na dutse da suka gitta juna. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli bakan gizo a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya zai gane abin da nake nufi. Daga waje kuma suka kafa madogarai na dutse da suka tokare bangon. Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka huda shi aka sa gilashi mai launi, har da tagogi masu da'ira da faɗinsu ya kai wajen mita 13. Shi kuwa baka mai tsini da suka yi amfani da shi, akwai irinsa a Masallacin Ibn Tulun na Alƙahira tun 879.

To ga inda nake so mu lura. A 1793, lokacin juyin juya hali, an sare kawunan gumakan sarakuna 28 da ke gaban cocin, a zaton sarakunan Faransa ne, alhali sarakunan Yahuza ne na Baibul. Sai a 1977 aka tono 21 daga cikinsu. Napoleon ya yi naɗin sarautarsa a ciki a 1804, amma ginin ya ci gaba da lalacewa. Sai da Victor Hugo ya fitar da littafinsa a 1831, mutane suka ji kunya, sannan aka fara babban gyara a 1844. Doguwar tsororuwa mai mita 96 da duniya ta ga faɗuwarta a talabijin, a wannan gyaran Viollet-le-Duc ya yi ta.

Tun 1789 ginin mallakar gwamnati ne. Kafin gobarar 15 ga Afrilu 2019, duwatsunsa na ta zaizayewa, har Amurka aka je neman taimako. Saman rufin, inda tsofaffin katakai suke jibge kamar daji, babu na'urar feshin ruwa. Da ƙararrawa ta buga, mai gadi ya duba wani wuri daban, aka yi asarar kusan rabin awa.

Da wuta ta ci fa? Cikin 'yan kwanaki attajirai suka yi ta alƙawari, a ƙarshe aka tara sama da yuro miliyan 840. Kaɗan daga ciki da ya isa a kare rufin tun farko.

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san wannan ciwon: idan aka zo rage kasafi, kuɗin kula da gini ake fara yankewa, saboda ba a yanka kirtani a kan rufin da aka hana yoyo. Sau biyu Faransa na jiran sai abu ya ɓaci, ta kuma tsira don tana da kuɗi da gwanayen sassaƙa. Wanda ba shi da su, ai rigakafi ne kaɗai gatansa.

Allah Ya sa mu gane.