Kalmar Fansekshuwal: Daga Gugar Zana Zuwa Tuta Mai Launi Uku

A Turai da Amurka yau, idan mutum ya ce shi fansekshuwal ne, yana nufin sha'awarsa da soyayyarsa ba sa tsayawa duba jinsin wanda zuciyarsa ta kwanta da shi. Amma ba masu wannan suna ne suka ƙirƙiri kalmar ba. Tushenta Girkanci ne, "pan", wato "duka", wanda bakin Bahaushe zai mayar "fan" kamar yadda ya yi wa famfo da fensir. Waɗanda suka fara amfani da ita kuwa malaman halayyar ɗan Adam ne da ke neman abin da za su jefi Sigmund Freud da shi.

A 1905 Freud, likitan birnin Biyana, ya fitar da littafinsa kan sha'awa, inda ya ce tana da hannu a tunanin mutum tun daga ƙuruciya. Abin ya tayar da ƙura. Masu sukarsa suka ce mutumin nan komai ya gani sai ya jingina shi ga sha'awa, daga mafarki har tuntuɓen harshe, suka laƙaba wa koyarwar tasa suna mai ma'anar "komai sha'awa ne". Zuwa 1914 laƙabin ya shiga wata mujallar ilimin halayya ta Amurka. Freud bai ji daɗinsa ba, har ya koka da shi a gabatarwar bugu na huɗu na littafin a 1920. A lokacin dai kalmar sunan ra'ayi ce, babu ruwanta da wa ke son wa.

Kafin ta ɗauki ma'anarta ta yanzu sai da aka taɓa wata tambaya: shin jinsi biyu ne kacal? Magnus Hirschfeld, wanda ya buɗe cibiyar nazarin sha'awa a Balin a 1919, yana ganin akwai matakai da yawa tsakanin namiji da mace. 'Yan Nazi suka fasa cibiyar a watan Mayun 1933, suka ƙone littattafanta a fili. Bayan shekara 15 Alfred Kinsey na Jami'ar Indiyana ya zo da ma'auninsa mai hawa daga 0 zuwa 6, daga mai sha'awar kishiyar jinsi zalla zuwa mai sha'awar jinsinsa zalla. Ma'aunin ya nuna sha'awa hawa-hawa ce, sai dai har yanzu a kan turaku biyu aka ɗaure shi, maza da mata.

A nan mai karatu da Hausa zai ɗan sha wuya, domin kalmarmu ta "jinsi" ita kaɗai ke ɗauke da abubuwa biyu da Turanci ya raba: halittar jiki, da kuma yadda mutum ke jin kansa da matsayin da jama'a suka ba shi. Duk gardamar da ta biyo baya a kan wannan rabuwa ta tsaya.

Daga shekarun 1970 kalmar fansekshuwal ta fara zamewa daga littattafan likitoci zuwa bakin mutane. A shekarun 1990, da muryar masu sauya jinsi da waɗanda ba sa kiran kansu maza ko mata ta ƙara fitowa, wasu suka ga sunan baisekshuwal ya yi musu kaɗan, tunda "bai" biyu yake nufi, sai suka rungumi fansekshuwal. Masu wancan suna ba su yi shiru ba. Mujallarsu ta San Faransisko, Anything That Moves, ta riga ta buga sanarwa da ke gargaɗin kada a ɗauka jinsi biyu ne kawai a duniya. Rigimar cikin gida ce, kuma har yau ba ta mutu ba. A ganina bambancin na nauyin magana ne: ɗaya na cewa jinsi fiye da ɗaya na jan hankalina, ɗayan na cewa jinsin ma ba ya cikin lissafina.

Intanet ce ta ƙarasa aikin. A 2010 wata tuta ta bayyana a Tumblr, ruwan hoda a sama, shuɗi a ƙasa, rawaya a tsakiya domin waɗanda ba su faɗa ɓangaren maza ko na mata ba. Aka ware 24 ga Mayu ta zama ranar masu sunan fansekshuwal. A 2012 Mary González, 'yar majalisar jihar Tekzas, ta kira kanta da sunan a bainar jama'a. Layla Moran ta majalisar Birtaniya ta yi haka a Janairun 2020.

Wadda ta fi kai kalmar kunnen jama'a ita ce mawaƙiya Janelle Monáe, a hirarta da mujallar Rolling Stone a Afrilun 2018. Mutane suka yi ta rububin neman ma'anarta a ƙamus ɗin Merriam-Webster, har masu ƙamus ɗin suka sa ta cikin fitattun kalmomin shekarar. Monáe ta ce da fari baisekshuwal take kiran kanta, sai daga baya ta ci karo da ɗayar kalmar a wajen karatu, ta ga ita ma ta dace da ita.