Daga Girku Zuwa Mafara: Yadda Gicciye Ya Sauya Kafaɗa

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasar Hausa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake gwadawa a 1900 bai yi nasara ba, sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta samu wurin zama a Pategi. Koyarwar da ta turo su ita ce wadda kowane ɗan majami'a ya sani daga Markus sura 8, wato musun kai da ɗaukar gicciye: mai bin Yesu Almasihu ya sa ran wahala, kada ya gudu in ta zo.

Wanda ya fi fito da wannan hali fili shi ne Andrew Stirrett, mai kantin magani a Toronto ta Kanada, wanda ya rabu da dukiyarsa ya taho a 1902. Hausawa suka laƙaba masa Bature Mai Magani. Ya shafe shekaru yana tsayawa a kasuwa yana wa'azi da Hausa, har ya rasu a 1948. Sadaukarwa ce ta gaske, babu mai ƙwace masa wannan. Amma a lura da abu guda: wahalar Turawan mishan zaɓaɓɓiya ce. Su suka nemo ta, kuma wanda ciwo ya kayar akwai jirgin ruwan da zai mayar da shi gida.

A ƙasar Sakkwato, wadda Talata Mafara da Bakura da Maradun ke cikinta a lokacin, gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga, don kada ta ɓata da sarakuna. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. A ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa SIM riƙon zangunan kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato, a kan hanyar da ta bi ta Mafara zuwa Gusau. Nan ne koyarwar ta gamu da mutanen da ba sai an yi musu bayanin wahala ba. Maganin lokacin wani mai ne mai kauri da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiyar Indiya. A ɗura shi a sirinji, a bi tabon fata ana tsirawa kaɗan-kaɗan, wurin ya kumbura ya yi ta zogi, mako ya zagayo a sake. Mutum ya bar gonarsa da iyalinsa, wani ma matar ta tafi, yatsun suna guntulewa, ga shi a layi yana jiran allura. Sai da ƙwayar dapsone ta yaɗu a shekarun 1950 aka fara sallamar mutane da yawa.

Mafi yawan majinyatan sun shiga suna Musulmi sun fita suna Musulmi, da haƙurinsu da tawakkalinsu da suka zo da shi daga gida. Kaɗan ne suka karɓi baftisma, galibi yaran da suka yi karatu a makarantun zangon, kuma daga cikinsu aka samu ma'aikatan jinya da masu bishara. Su gicciyensu ninki biyu ne, ga ƙyamar kuturta ga fushin dangi. A ganina daga nan nauyin ya sauka daga kafaɗar baƙo ya hau ta ɗan ƙasa, wanda ba shi da wani gidan komawa.

Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Masu bishararta na EMS sun zauna cikin ƙauyukan Maguzawa, albashin bai taka kara ya karya ba, da fartanya suke ci da iyali. Daga baya, a shekarun 1980, wani salon wa'azi ya taso daga kudu, irin na Benson Idahosa na Benin, mai cewa talauci da ciwo ba rabon mai bi ba ne. Ya cika majami'u a manyan birane, har maganar musun kai ta fara kama da tsohon yayi.

Ba ta daɗe a haka ba. A Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, rikicin Kaduna na 2000 ya biyo baya, sannan Boko Haram. A Agusta 2016 mutum takwas suka mutu a Talata Mafara bayan an zargi wani ɗalibin kwalejin Abdu Gusau da ɓatanci. A 2018 aka riƙe Leah Sharibu bayan an saki sauran 'yan matan Dapchi, saboda ta ƙi barin addininta. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika, kuma a farkon shekarar aka kashe Michael Nnadi, ɗalibin aikin fada na Katolika daga yankin Sakkwato, bayan an sace shi a Kaduna. Waɗannan sunaye su ne misalan jimiri a wa'azin Lahadi yanzu, ba Gowans da Kent ba.

Sai dai a Zamfara ɗan bindiga ba ya tambayar addini. 'Yan mata 279 da aka kwashe a Jangebe ta ƙaramar hukumar Mafara a Fabrairun 2021 'ya'yan talakawan yankin ne, haka ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar. Kirista ɗan tsiraru a nan yana shan abin da maƙwabcinsa Musulmi ke sha, kuɗin fansa ɗaya, gudun hijira ɗaya.

Gardamar da ke cikin ikilisiya yau ita ce iyakar wannan jimiri. Ikilisiyar EYN, wadda ta samo asali daga Garkida a 1923, wadda kuma yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne, ta tsaya a kan ƙin ramuwa duk da ɗimbin majami'unta da aka ƙona. Matasa da yawa kuwa cewa suke an mari kunci ɗaya, an mari ɗayan, na uku babu. Fastocin karkara suna tsakiya, kuma tambayar da ake kawo musu ta fi wannan kusa: a tsaya a yi noman bana, ko a kwashe yara a koma Gusau.