Karan Masallaci: Juriyar Fari da Haɗarin Cira Barkatai a Yankin Sahel

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin karan masallaci, tsiron daji mai ajiye ruwa a jikinsa wanda masana tsirrai ke kira Caralluma dalzielii. An bi diddigin rubuce-rubucen da aka yi kan siffarsa da yadda yake jure fari da amfaninsa a magungunan gargajiya, sannan aka kwatanta shi da ɗan'uwansa Hoodia na hamadar Kalahari. Nazarin ya gano cewa dabarar da ke raya tsiron a lokacin rani ita ce kuma ke hana shi saurin girma, don haka ba zai jure cira ta kasuwanci ba. An ba da shawarar noma shi da tantance amfaninsa da kare haƙƙin masu iliminsa.

Muhimman kalmomi: karan masallaci, fari, Sahel, magungunan gargajiya, Hoodia.

1.0 Gabatarwa

Karan masallaci na fitowa a busassun yankunan da suka miƙe daga Senegal zuwa Sudan, har da arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Masanin tsirrai N. E. Brown ne ya ba shi sunan kimiyya a 1912, don karrama J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya kuma wallafa kundin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. A 2017 wasu masana sun haɗe jinsin Caralluma cikin Ceropegia, amma tsohon sunan ne ya fi yawa a rubuce-rubucen harhaɗa magunguna. Tambayar wannan maƙala ita ce: me zai sami tsiron idan buƙatarsa ta tashi daga hannun masu magani ta koma hannun kamfanoni?

2.0 Siffar Tsiron

Yana fitowa ne cunkus, kara da yawa daga gindi guda. Kowane kara kore ne mai kauri, mai kusurwa huɗu, da 'yan haƙora jere a gefensa. A kan haƙoran ne ƙananan ganye ke tsirowa, su kakkaɓe ba da jimawa ba, su bar wa karan aikin haɗa abinci. Dangi ɗaya suke da tumfafiya: 'ya'yansa kan fito bibbiyu kamar ƙaho, in sun bushe su tsage, iri mai gashi ya bi iska. Sai dai ruwan jikinsa garau yake, ba fari ba irin na tumfafiya. An fi samun sa a ƙasa mai duwatsu ko a gindin ƙaya, inda inuwa ke kare shi daga zafin rana da kofaton dabbobi.

3.0 Yadda Yake Jure Fari

Yawancin tsirrai na buɗe ƙofofin numfashinsu da rana don shaƙar iskar kabon, a nan kuma suke asarar ruwa mai yawa. Dangin karan masallaci masu ajiye ruwa sun bi wata hanya da ake kira tsarin CAM. Da dare suke buɗe ƙofofin, lokacin da gari ya yi sanyi, su adana kabon ɗin a matsayin sinadarin malik mai tsami. Gari na wayewa sai su rufe, su saki abin da suka tara a cikin jikinsu, su haɗa abinci da hasken rana. Tun 1815 masanin tsirrai Benjamin Heyne ya lura cewa ganyen wani tsiro mai wannan tsari yakan yi tsami da safe, ya lafa zuwa yamma.

Ribar a bayyane take. Tsiro mai wannan tsari na asarar kimanin giram 50 zuwa 100 na ruwa a kan kowane giram na iskar kabon da ya samu, yayin da irin su shinkafa da alkama ke asarar giram 400 zuwa 500. Amma abin da tsiron zai haɗa da rana bai wuce gwargwadon abin da rumbunsa ya ɗauka da dare ba. Shi ya sa girmansa ke tafiya a hankali, kuma gindin da aka tumɓuke ba ya maye gurbinsa da wuri.

4.0 Amfani a Magungunan Gargajiya

Masu maganin gargajiya na amfani da shi wajen ciwon sukari, sanyin ƙashi, ciwon ciki da matsalar haihuwa. A 2005 masu bincike daga Italiya da Mali sun wallafa bayanin sinadaran firegnen da suka tace daga jikinsa. Masana a jami'o'in Sakkwato da Zariya kuma sun gwada ruwansa a kan ɓeraye, suka ba da rahoton raguwar kumburi da ta sukarin jini. Wannan ya ƙarfafa maganar masu magani, amma gwaji a kan ɓera ba ya tabbatar da adadin da ya dace da ɗan'adam, ko abin da shan sa na dogon lokaci zai yi wa hanta da ƙoda.

5.0 Darasi daga Hoodia

Al'ummar San ta kudancin Afirka ta daɗe tana tauna Hoodia don danne yunwa da ƙishirwa a lokacin farauta. Cibiyar binciken kimiyya ta Afirka ta Kudu, CSIR, ta tace sinadarin P57 daga jikinsa, ta mallaki haƙƙinsa, ta ba kamfanin Phytopharm na Ingila lasisi ba tare da tuntuɓar San ba. Sai a 2003, bayan ƙorafi, aka ƙulla yarjejeniyar ba su kashi 6 cikin 100 na ribar lasisin da cibiyar za ta samu. Kafin nan labarin Hoodia a matsayin maganin rage ƙiba ya bazu, masu cira sun afka wa daji, har aka sanya Hoodia ƙarƙashin kariyar CITES, yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin daji, a 2004. A 2008 kamfanin Unilever, wanda ya shiga aikin haɗa maganin, ya janye, domin gwajin da ya yi a kan mutane ya nuna tashin zuciya da hauhawar jini, ba tare da raguwar nauyi ta a-zo-a-gani ba. Tsiron ya yi asara, masu iliminsa ba su ci wata riba ta kirki ba, masu saye kuma ba su sami abin da aka yi musu alkawari ba.

6.0 Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karan masallaci bai shiga kasuwar duniya ba tukuna, kuma yanzu ne lokacin shiri. Da yake yana kamawa idan aka yanki kara, aka bari bakin yankan ya bushe, aka dasa a ƙasa mai yashi, ya kamata cibiyoyin binciken gona su koya wa masu magani noma shi maimakon tumɓuke shi a daji. Ya kamata sassan harhaɗa magunguna su tantance gubarsa da adadin sha kafin kowa ya tallata shi. Sannan a rubuta ilimin masu magani da yardarsu da sunan al'ummominsu, bisa ƙa'idar rabon amfani ta Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, domin duk ribar da za ta fito daga tsiron ta fara isa ga waɗanda suka adana saninsa.