Hawan Ƙaho: Wasan Da Ba A Gina Masa Gida Ba



Duk wanda ya shiga Kasuwar Shanu a nan Maiduguri ya ga bijiman da ake korowa daga Chadi da Kamaru, ya san ba kowane namiji ne zai tsaya gabansu ba. Amma tun kaka da kakanni mahautan ƙasar Hausa suna da wasan tunkarar bijimi, wato hawan ƙaho.

A jajibirin salla ko wani bikin mahauta, akan ɗaure mafaɗacin sa da igiya, samari su riƙe ta baya. Makaɗan kalangu su ɗauki taken ɗan wasa, shi kuma ya fito da warki da layu, ya yi kirari, ya nufi san babu makami a hannunsa. Sai ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya, sa na jijjiga shi har ya gaji. In ya yi sake, ƙaho ya tsire shi. Bayan wasa a yanka san yadda addini ya tanada, a sayar da nama.

Mutanen Sifaniya ma suna da wasan bijimi, sai dai su da takobi suke kashe shi. Da farko a dandalin gari suke yi kamar mu, daga baya suka gina masa gida. Na garin Ronda an buɗe shi a 1785, na Las Ventas a Madrid kuma a 1931, yana ɗaukar mutum fiye da 23,000. Ginin a kewaye yake, tsakiyarsa rairayi, da shingen katako mai lungunan da ɗan wasa ke fakewa. Kujerun inuwa sun fi na rana tsada, har ɗakin jinya akwai. Ko a Basalona, inda aka daina wasan tun 2011, gine-ginen suna nan suna ba da labari.

Mu kuwa filinmu ƙofar fada ce ko bakin mayanka. Da an watse, shi ke nan. Tarihin namu yana bakin dattawa, kuma kullum raguwa suke yi.

Don haka muna roƙon duk mai kaka ko uba da ya ga hawan ƙaho, a nan ko a garinsu na asali, ya zauna da shi ya naɗi muryarsa a waya, ya turo wa ƙungiya mu adana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.

Sakataren Ƙungiya