JANAIRU DA ASUSUN TALAKA: DAGA FAM DA SULE ZUWA TIRANSIFA



Duk shekara idan Janairu ta kama sai ka ji jama'a suna ɗaukar wa kansu alƙawari, wannan ya ce bana zai rage kashe kuɗi, wancan ya ce zai shiga adashi, wata ta ce in Allah ya yarda sai ta ajiye kuɗin keken ɗinki. Ni ma ina cikin masu wannan alƙawari, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na karya shi tun kafin Maris ta ƙare. To amma bana da na zauna ina lissafi sai wata tambaya ta faɗo mini a rai, wato in ma mutum ya iya tsimin, me ya kamata ya ajiye? Domin kuwa idan muka waiwaya, tun da an ce waiwaye adon tafiya, za mu ga watan Janairu wata ne da aka sha taɓa kuɗin talaka a ƙasar nan.

Bari mu faro daga tushe. Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce, wato da wuri kakanninmu suke ciniki. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ake bayarwa a kan azurfa guda ta Turawa. Da aka riƙa shigo da wuri jirgi-jirgi ta bakin teku sai darajarsa ta yi ta zubewa, daga baya Turawan mulki suka hana shigo da shi, suka ce haraji sai da kuɗinsu. Wanda ya cika taska da buhunan wuri ya wayi gari abin nasa ya koma kayan ado da na wasan yara. Daga nan aka shiga zamanin anini da kwabo da taro da sisi da sule da fam, wanda ya kai mu har bayan samun 'yancin kai.

Janairun farko da ta girgiza mutane ita ce ta 1968. Ana tsakiyar yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta canza takardun kuɗi, domin ta kashe waɗanda suke hannun 'yan Biyafara, ba su sami abin sayen makamai ba. Su ma nan da nan suka buga nasu. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, da yawa daga mutanen Gabas fam 20 kacal aka ba su a madadin kuɗin Biyafara da suka kai banki, komai yawansa. Mai karatu ya duba wannan da kyau, takarda ce a hannunka yau tana sayen gida, gobe hukuma ta ce ba kuɗi ba ce, shi ke nan magana ta ƙare.

Sai kuma ranar 1 ga Janairun 1973, ranar da aka haifi naira da kwabo. Aka ce fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya ya zama kwabo goma, kwabo ɗari kuma shi ne naira ɗaya. Wannan canji bai zo da zafi ba, domin an daɗe ana wayar da kan jama'a a gidajen rediyo, kuma ba wanda aka ce dukiyarsa ta mutu. Sai dai bakin Bahaushe bai saki tsohon lissafi ba. An ci gaba da kiran kwabo goma sule, kwabo biyar sisi, naira biyu fam, naira 200 kuwa jaka guda, saboda ita ce fam ɗari ta da. A lokacin nairar nan ta fi dalar Amurka ƙarfi, domin dala ɗaya ba ta wuce kwabo 66 ba.

Kakata, wadda muke kira Iya, har ta koma ga Mahaliccinta da fam da sule take lissafi. In ka ce mata abu naira goma ne sai ta ɗan yi shiru ta ce, “Fam biyar ke nan? Kai ɗan nan, an cuce ka.” Tana da asusu na ƙasa a ƙarƙashin gado, inda take jefa ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Amma abin da na lura da shi tun ina yaro, wanda sai da na girma na gane hikimarsa, shi ne kuɗi ba sa daɗewa a wurinta. Da asusu ya cika za ta fasa, ta aika a sayo mata 'yar akuya, ko ta ƙara kwalla a jerenta, in kuwa lokacin girbi ne ta sa a auno mata gero da wake a zuba a ɗaki. Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta barin kuɗin su taru da yawa, sai ta ce, “Kai dai yaro ne. Kuɗi na gwamnati ne, akuya kuwa tawa ce.”

Maganar Iya ta tabbata a 1984, ko da yake wannan karon a watan Afrilu abin ya faru. Sojojin da suka karɓi mulki a jajiberin sabuwar shekara, 31 ga Disamban 1983, ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, sun rufe iyakokin ƙasa suka canza launin takardun naira, aka ba mutane abin da bai cika mako biyu ba su kai tsofaffin banki. Abin da ya haura naira 5,000 kuwa sai ka yi bayanin inda ka samo shi. Mahaifina ya sha ba mu labarin wani maƙwabcinmu mai fataucin goro, wanda canjin ya riske shi a wajen ƙasa, iyaka a rufe, kuɗinsa kuma suna binne a cikin tulu a ɗakinsa, ko matarsa bai gaya wa ba. Kafin ya dawo wa'adi ya wuce. Mahaifina ya ce tun daga ranar bawan Allahn nan bai sake miƙewa ba. Iya kuwa abin da aka kai mata banki bai fi kuɗin cefanen mako ba, saura duk suna turke suna cin dusa.

Bayan wannan naira ta yi ta ramewa. Aka shigo da tsarin SAP a 1986, aka fito da takardar naira 50 a 1991, naira 100 a 1999, naira 200 a 2000, naira 500 a 2001, sai naira 1,000 a 2005. Kowace sabuwar takarda shaida ce cewa ta baya ta daina sayen abin da take saye. A cikin wannan tsakani ne wayar salula ta iso, a watan Agustan 2001, lokacin da layi kaɗai yake kai naira 20,000. Ba wanda ya zaci wata rana wannan 'yar wayar ce za ta zama asusunmu.

Janairun da muka gani da idonmu ita ce ta 2023. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu a matsayin wa'adi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka yi biyayya suka kwashi tsofaffin kuɗi suka kai banki, sababbin kuwa suka yi ɓatan dabo. Ni da kaina na sha yin sallar asuba na wuce layin injin cirar kuɗi, na dawo bayan azahar hannu rabbana. Akwai ranar da na ba mai POS naira 2,000 kafin ya ba ni 10,000 daga cikin kuɗina, na kuma yi masa godiya. Mai kayan miya ba shi da asusun banki, mai shi kuma ya tura kuɗi sun maƙale a hanya. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, sannan aka fara numfashi.

Abin lura a nan, a 1984 wanda ya ɓoye kuɗi a gida shi ya yi kuka, a 2023 kuwa har wanda ya kai banki bai tsira ba. A gidana abin da ya rufa mana asiri shi ne buhun gero da rabin buhun wake da uwargida ta saya da kwasan adashinta tun lokacin girbi, alhali a lokacin har tsiya na yi mata, na ce ta mayar da ɗaki rumbu. Da wahala ta zo, ranar da na dawo daga layin banki na tarar da tuwo a rufe, ban iya haɗa ido da ita ba.

Wannan wahala ta bar mana gado guda, domin yau mai shayi da mai nama da ɗan adaidaita sahu kusan kowa yana karɓar tiransifa. Alheri ne, ya rage yawo da kuɗi, ya kuma sauƙaƙa wa mata masu sana'a a cikin gida. To amma akwai bambanci tsakanin asusun Iya da namu. Nata sai an fasa shi, kuma kafin ta ɗaga taɓarya sai ta yi tunani sau goma. Namu kuwa lamba huɗu ce take buɗe shi, ko da tsakar dare kana kwance, ga data, ga masu tallan kaya, ga cacar ƙwallo, ga masu ba da bashi ta waya suna kiran ka kamar 'yan uwanka. Sannan ko ka daure ka bar kuɗin, tsadar kaya tana cin su a zaune. A 2024 dalar da take kwabo 66 ta haura naira 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari.

Saboda haka alƙawarina na bana ya sha bamban da na sauran shekaru. Zan bar ɗan abin da zai ishe mu laluran yau da gobe a waya, da ɗan tsaba a gida saboda bacin rana. Abin da ya ƙaru kuwa zan yi masa irin na Iya, ya zama hatsi, ko dabba, ko jarin uwargida, ko kuɗin koya wa yarona sana'ar hannu, wadda ba gwamnatin da za ta sa mata wa'adi. Ban ce kowa ya bi ni ba, kowa ya san inda rufinsa yake yoyo. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa, mu kuwa namu gemun ya sha kamawa.

Allah ya jiƙan Iya da sauran magabatanmu, ya sa wa ɗan abin da muke samu albarka, ya sa mu ga ƙarshen wannan shekara lafiya. Amin.