Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Masaƙar Dean Clough

A garin Halifax da ke arewacin Ingila akwai wani kwari da ake kira Dean Clough. A nan ne John Crossley da abokan cinikinsa suka kama hayar wata 'yar masaƙa a shekarar 1802. Sana'a ta karɓe su, har 'ya'yansa suka yi ta ƙara manyan benaye na dutse tsakanin 1841 da 1869. Wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan masaƙun kafet na duniya, inda mutum kusan 5,000 ke samun abinci.

To, amma duniya rawar 'yan mata ce. Kasuwa ta juya, a 1982 aka rufe masaƙar, injuna suka yi shiru. A wancan zamani, abin da aka saba yi wa irin wannan kango shi ne a rushe shi.

Sai ga wani attajiri, Ernest Hall, wanda shi ma a harkar saƙa ya yi arziki. A 1983 shi da abokinsa Jonathan Silver suka sayi wurin. Maimakon rusau, sai aka shiga gyara benayen ɗaya bayan ɗaya ana ba da su haya. Sannu a hankali ɗakunan saƙa suka koma ofisoshin kamfanoni fiye da 100, har da zaurukan nuna zane-zane da gidan wasan kwaikwayo.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ginin ya karɓi sabon aiki? Magina na dā sun yi manyan tagogi don masaƙa su ga zare, ga shi yau hasken nan ma'aikatan ofis yake yi wa amfani. Sun bar fili mai faɗi don injuna, shi ne ake yankawa daidai buƙatar kowane mai haya. Uwa uba, an riga an fasa dutsen, an yi dakonsa. Da an rushe, da sai an ƙona makamashi mai yawa wajen yin sabon siminti da ƙarfe, ga tsibin ɓaraguzai da za a rasa inda za a kai.

Wannan tarihi ya shafe mu. Masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, David Whitehead and Sons, ta tsaya a farkon shekarun 2000, wasu masaƙun Kakuri ma suka bi sahu. Muna fatar injuna su sake tashi. Idan kuwa hakan bai yiwu ba, kada mu zuba ido ruwa da rana su cinye ginin da iyayenmu suka zubar da gumi a cikinsa. Rufin da aka gyara yau ya fi araha a kan bangon da za a sake ɗagawa gobe.