Garkuwa da Bayanan Gwamnati: Biyan Fansa ko Ƙin Biya, a Kasafin Kuɗi Ake Yanke Hukunci

Ranar Juma'a 14 ga Mayu 2021, ma'aikatan asibitocin gwamnati a Jamhuriyar Ailan suka wayi gari kwamfutocinsu a kulle. Gungun masu kutse da ake kira Conti ya saki wata muguwar manhaja a cikin na'urorin hukumar lafiya ta ƙasar, HSE, ta damalmala bayanai yadda ba mai iya karanta su sai da mabuɗin da ke hannun maharan. Aka koma biro da takarda, aka ɗage ganin likita, har da gashin masu cutar daji. Maharan suka nemi kusan dala miliyan 20, shugaban gwamnati Micheál Martin ya ce ba za a biya ba.

A duk lokacin da irin wannan ta faru, muhawarar da ke cika kafafen watsa labarai ɗaya ce: a biya ko kada a biya? Ra'ayina shi ne bai kamata hukumar gwamnati ta biya ba. Sai dai ina ganin an ba tambayar matsayin da ya fi ƙarfinta, domin amsarta ba a ranar kutse ake samar da ita ba. Shekaru kafin nan ake rubuta ta, a lokacin da ake rabon kasafin kuɗi.

Rahoton binciken da kamfanin PwC ya gudanar, wanda aka fitar a Disamba 2021, ya nuna cewa maharan sun shiga tun ranar 18 ga Maris, sa'ad da wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin Excel da aka liƙa wa wani saƙon imel na yaudara. Mako takwas suna kai-komo a cikin gida. Manhajar tsaro ta hango motsinsu, amma an saita ta a kan sa ido kawai, ba ta da umarnin tarewa. A lokacin, hukumar da ke riƙe da bayanan lafiyar ƙasa baki ɗaya ba ta da babban jami'i guda da aka ɗora wa alhakin tsaron na'urorinta, kuma dubban kwamfutocinta suna amfani da tsohuwar Windows 7. Ba zan ɗora laifi a kan wanda ya buɗe saƙon ba. A ma'aikatar da ke da ma'aikata sama da dubu ɗari, dole wata rana wani ya latsa abin da bai kamata ba, kuma tsarin da latsawa ɗaya za ta durƙusar da shi tun asali a raunane yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu goyon bayan biya suna da hujja mai nauyi, kuma rashin adalci ne a raina ta. A Mayu 2019 aka kulle na'urorin birnin Baltimore na Amurka, aka nemi bitkoyin 13, kimanin dala 76,000 a lokacin. Birnin ya ƙi, daga baya ya ƙiyasta asararsa a kan kusan dala miliyan 18. Cinikin gidaje ya tsaya, takardun kuɗin ruwa suka yi watanni ba su fita ba. A watan da ya biyo baya, ƙaramin garin Riviera Beach a jihar Florida ya amince ya biya kimanin dala 600,000. Wanda ya dubi lissafin gari ɗaya kaɗai zai ce na biyun ya fi dabara.

Amma lissafin yana da giɓi. Mabuɗi ba ya mayar da aiki nan take. Conti ya ba Ailan mabuɗin kyauta cikin mako guda, duk da haka sai da aka kwashe wajen wata huɗu ana farfaɗo da na'urori, domin kowace sai an tabbatar ba a bar wata kafar dawowa a cikinta ba. Ga shi kuma maharan yanzu sukan kwashe bayanai kafin su kulle, kuɗi kuwa ba ya sayen komai a nan sai alkawarin ɓarawo cewa ya goge abin da ya sata. Babban giɓin shi ne kowace fansa jari ce ta hari na gaba. Mai karatu a Arewacin Nijeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, ya ga yadda kuɗin fansa ya mayar da garkuwa da mutane sana'a. Bambancin shi ne iyalin da aka ɗauke wa ɗa ba su da wani zaɓi, ba a kwafin rai a ajiye. Bayanai kuwa ana kwafinsu.

Nan ne nake rabuwa da masu ganin dokar hana biya ta wadatar. Jihohin North Carolina da Florida sun haramta wa hukumominsu biya, gwamnatin Birtaniya ma ta bayyana a 2025 cewa za ta bi wannan hanya. Mataki ne mai kyau, amma haramcin da ba a haɗa shi da kuɗin kariya ba yana sauke nauyin ne a kan marar ƙarfi. Kosta Rika ta ƙi biyan dala miliyan 10 da Conti ya nema a Afrilu 2022, har sabon shugaba Rodrigo Chaves ya ayyana dokar ta-ɓaci ranar da ya hau mulki, 8 ga Mayu. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗar ƙin biyan su ne 'yan kasuwar da kayansu suka maƙale a kwastan da malaman makarantar da albashinsu ya rikice. Ministan da ya ce "ba za mu biya ba" alhali ba shi da kwafin ajiya da aka raba da intanet, aka kuma gwada dawo da shi, da wahalar talakawa yake yin jarumtarsa.

Dalilin da ya sa hukumomi ke sakaci da wannan ba ɓoyayye ba ne. Kwafin ajiya, sabunta manhaja da albashin ƙwararre ba abubuwa ne da ake yanke musu ƙyalle a gaban 'yan jarida ba, shi ya sa su ne farkon abin da ake zaftarewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Indonesiya ta nuna ƙarshen wannan hanya. Ranar 20 ga Yuni 2024 gungun Brain Cipher ya kulle cibiyar bayanan gwamnati da ke Surabaya, ya nemi dala miliyan 8. Hukumomi fiye da 200 suka tsaya, jami'an shige da fice a filayen jiragen sama suka koma duba fasfo da hannu. Da 'yan majalisa suka tambayi dalili, aka shaida musu cewa kashi 98 cikin ɗari na bayanan cibiyar ba su da kwafi a wani wuri. Wurin ajiyar yana nan, amma an bar wa kowace hukuma zaɓin amfani da shi, da yawa kuma suka ce kasafinsu bai kai ba. Sai bayan harin gwamnati ta sanar cewa kwafin ajiya ya zama dole.